Uwar Adashe da Kambas

Shekara goma sha tara ina riƙe adashe a Rafindaɗi,
ban taɓa sayen littafi ba.
Wa ta zuba, wa ta kwasa, wa ta ce a jira ta sai Laraba,
duk suna nan ƙarƙashin ɗankwali.
Mata kan ce kan Tasalla asusu ne,
abin da ya shiga sai an fasa.

To, an fasa.

Ba dajin ne ya fasa ba, maganinsa ne,
jan ruwan nan mai ɗiga a jijiya,
ɗis, ɗis, tun hantsi har la'asar sakaliya,
zuwa shida a asibitin tarayya.
Ya cinye ƙullutun, na ce madalla.
Ya haɗa da gashi, na ce sadaka.
Ashe ya biya ta rumbu kafin ya fita.

Gashi ya dawo, fari, da laushin na jinjiri.
Lissafi bai dawo ba.
Na sa gishiri sau biyu a miyar kuka.
Na tsaya tsakar gida da ludayi a hannu
ina tambayarsa me muka fito nema.
A azahar in tsaya cak: uku ce ko huɗu?
Ƙabli da ba'adi suka zama 'yan gida.
Ran da Hansai ta zo kwasa,
Hansai da muka yi gaɗa tare a dandali,
sunanta ya zo bakin harshe ya turje
kamar jaki a bakin kwalbati.
Na ce, "Ke, baiwar Allah."
Ta yi dariya.
Na jiyo ta tana fyace hanci a zaure.

Likitar sa'ar autata ce.
Ta ce, "Mama, ba hauka ba ne, ba jifa ba ne,
da yawa sukan ji haka bayan ruwan.
Ba ni da ƙwayar wannan. Kina da takalmi?"
Na ce na kawo miki kai, kina tambayar ƙafa?
Ta ce, "Ai gidansu ɗaya.
Ki taka rabin sa'a, har gumi ya tsattsafo.
Ban ɗaukar miki alkawari ba,
amma yakan taimaka."

Sagiru jikana ya sayo kambas a gwanjo.
Ranar farko iyakata wurin mai ƙosai,
na zauna a dakali ina haki,
mai shayi na cewa, "Hajiya, gasar gudu za a shiga?"
Na ce e, da mantuwa nake tsere,
ta riga ni tashi ne kawai.

Sai na fara bai wa kowane taku suna.
Dama, Hansai, dubu biyu.
Hagu, Yalwa, dubu ɗaya.
Dama, Tabawa, hannu biyu, ga jan rai.
Wasu su amsa, wasu su laɓe bayan katanga.
Damina ta zo ta wuce ina tafe.
Barci ya fara sanin ƙofata.
Gishiri ya koma sau ɗaya, ban da ran Lahadi.

Ba zan yi ƙarya ba, asusun bai ɗinke duka ba.
Na sayi littafi mai shuɗin bango,
Sagiru ke rubutawa, ni ina faɗa,
kunyar ma na manta inda na ajiye ta.

Amma mu ashirin da uku ne,
kullum ashirin da biyu nake kawowa.
Sati guda ina neman ɗayar a hanya,
na hana yaron ya leƙa mini.
Yau da sassafe, a gindin Gobarau,
gumi na bin bayan kunne, tattabaru na sauka,
ƙafar hagu ta dira ƙasa,
sunan ya fito da kansa:

Tasalla. Hannu ɗaya.
Ba ta kwasa ba tukuna.